Tambaya da Amsa: Zan iya sauke injin Land Cruiser ɗina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 75 mai injin gas (dizal) 1HZ, da ita nake cin kasuwannin ƙauye, hanyar duk rairayi ce. Yanzu tana shan baƙin mai, tana hayaƙi shuɗi-shuɗi, da safe kuma da ƙyar take tashi. Ni ba makanike ba ne, iyakata canjin mai da filta da gyaran birki. Kuɗin gareji ya fi ƙarfina. Zan iya sauke injin in gyara da kaina?
Mai karatu daga Gashuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwancewa da ɗaurawa za ka iya, domin 1HZ, da Toyota ta fito da shi a 1990, inji ne mai silinda 6 da lita 4.2, babu kwamfuta a jikinsa. Inda sabon hannu yake faɗuwa shi ne awo. Wanda ya sayi ringi da metal (bawon ƙarfen da kirank ke juyawa a kansa) bai auna komai ba, sau biyu zai yi aikin.

Kada ka taɓa sifana tukuna. Hayaƙi da wuyar tashi suna iya zuwa daga nozul da suka gaji ko hita (masu ɗumama silinda kafin tashi) da suka mutu, kuma waɗannan ba sa buƙatar sauke inji. A ɗumama injin, a cire hita duka shida, a auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'aunin injin gas. Lafiyayyen 1HZ yana ba da kimanin 37 a ma'aunin kg/cm², mafi ƙanƙantar abin da aka yarda da shi 27 ne, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 5. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki: idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar bakin salansa, ringi sun tafi. Sannan ne saukewa ta zama dole.

Kafin nan ka nemi littafin gyara na Toyota na wannan injin, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da filagej (siraran ƙarafan auna tazara), da madamƙin ringi, da kuran ɗaga inji mai sarƙa. Nauyin injin ya haura kilo 250, reshen darbejiya ba wurin rataye shi ba ne. Wurin aikin ya zama ɗaki mai siminti da ƙofa. Idan hunturu ne, ƙurar da za ta sauka kan metal cikin dare ɗaya ta isa ta karce kirank.

Wajen kwancewa, ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo da wayarka. Kusoshin tof, wato kan injin da ke rufe silinda, guda 26 ne, ana sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, in ba haka ba tof ɗin ya lanƙwashe. Kowane kon rod da murfinsa, kowane bawul da kofinsa da shim ɗinsa, a sa musu lamba: kon rod daga 1 zuwa 6, bawul daga 1 zuwa 12. Murfin kon rod na ɗaya ba ya zama a na biyu ko da ido ya ga sun yi daidai.

Daga nan aikin ya bar hannunka na ɗan lokaci. Bulok da kirank da tof su tafi wurin masu injin yanka, nozul da famfon injekta kuma wurin masu gwajinsu. Kada ka sayi fistin ko metal sai sun gaya maka saiz. Idan silinda ta ci har ta yi baki a sama, za a faɗaɗa ta zuwa 0.50, fistin da ringi su bi wannan saiz. Idan an yanka kirank 0.25, metal ma 0.25. Sabon ringi a tsohuwar silinda da ta zama ƙwai ba ya hana shan mai, wata biyu zuwa uku hayaƙin ya dawo. Tof kuwa a gwada shi da matsin ruwa, domin na 1HZ yakan tsage a wajen ƙananan kofunan ƙonewa idan ya taɓa yin zafi fiye da kima.

Da kayan sun dawo, wanke bulok da ruwan zafi da omo da buroshi har sai farin ƙyalle ya fito fes daga cikin silinda, ka busar, ka shafa mai nan take. Fetur ba ya fitar da garin dutsen gogewa. A busa iska a duk hanyoyin mai, har da ƙananan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistin.

Wajen ɗaurawa, saka kowane ringi shi kaɗai cikin silindarsa ka auna tazarar bakinsa da filagej. In ta yi kaɗan, da zafi ya zo sai ringin ya karye. Alamar jikinsa ta kalli sama, kuma bakunan kada su jeru a layi ɗaya. Bayan metal a bar shi a bushe, gabansa a shafa mai. Duk fistin da ka ɗaura, juya kirank da hannu. Inda ya cije, tsaya a nan ka nemi dalili.

Gasket ɗin tof kala uku ne, lamba 1 da 3 da 5, kuma yawan fitowar kan fistin sama da bulok ne ke zaɓar wanda za a sa. Masu shago sukan miƙo wanda ke kusa da hannu, kai ka tafi da awonka. Kusoshin tof ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe har 69 Nm, sai a ƙara juyi digiri 90, a sake ƙara 90. Tazarar bawul a sanyi 0.15 zuwa 0.25 mm ce a na shiga, 0.35 zuwa 0.45 a na fita. Taimin bel da tenshina sababbi, ba ciniki. A wannan injin idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙori, fistin ya doki bawul. Bayan daidaita alamomi, juya kirank zagaye biyu da hannu ka sake duba su.

Ranar tayarwa, cire wayar da ke buɗe wa famfo gas, ka yi ta ba da kik a gajerce har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da wayar. Kada ka bar shi yana silo awa da awanni, ringi ba sa zama sai da ɗan nauyi. Yi tafiya kana sauya gudu ba tare da lodi mai yawa ba, ka zubar da mai da filta a kilomita 1,000 na farko.

Tunda hanyarka rairayi ce, duba tiyon da ke tsakanin gidan filtar iska da inji. Idan ka ga ƙura a cikinsa, to ita ta cinye ringin farko, kuma tsaga ɗaya a wannan roba za ta cinye sababbin. Lagireto ma a kai a wanke shi, a mayar da tamostat idan an cire.