Amsa ga Malam mai tambaya kan ɗansa da shiga ruwa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ɗanka mai shekara 13 da shan inna ya shanye wa ƙafafu ya ga bidiyon guragu suna hawa igiyar ruwa a teku, ya ƙwallafa rai sai ya koya, kai kuma gabanka na faɗuwa. Ni gurgu ne tun ina shekara uku, a wani ƙauye gefen dam ɗin Tiga na tashi, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Abin da yaron ya gani gaskiya ne. A ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu ana shirya zama na 'yan kwanaki a bakin teku don koya wa masu lalura hawa allo a kan ruwa. Wani rub da ciki yake kwanciya, wani a durƙushe, wani a zaune da filafili a hannu, makaho kuma mai jagora ne ke sanar da shi igiyar ta taho. Har gasar duniya suke yi, an fara ta a 2015 a Kalifoniya. Amma ka sake kallon bidiyon da kyau, ka bar kallon allon, ka ƙirga mutanen da ke cikin ruwan. Wani na tura shi ta baya, wasu sun jeru a gaba suna jiran tarar sa. Ƙarfin abin a nan yake.

Mu teku ta yi mana nisa, sai Legas. Amma muna da gora, irin wadda masunta ke hawa a cikin ruwa. Ina shekara tara kawuna, masunci ne, ya saɓa ni a kafaɗa da hantsi ya kai ni inda ruwa ya tsaya masa a ƙugu. Ya kifa ni a kan gorarsa, har yau ina jin ƙarnin kifin da ke jikinta, ya riƙe ƙugun wandona ya ce, "Ɗan nan, ja ruwan da hannu kamar kana rarrafe." Malam, ƙafafun nan da nake ja a ƙasa har gwiwoyina suka yi kanta, sai na ji sun taso suna bin bayana, babu nauyi ko kaɗan. Ranar na fara tafiya ba tare da ƙura ta shiga bakina ba. Innata ta yi kwana uku ba ta yi wa kawu magana ba, ita tsoron 'yan ruwa take. Kafin damina ta zagayo na ajiye gora, ina iyo da hannu zalla, kuma sa'annina masu ƙafa ba sa kamo ni, don hannun gurgu ya riga ya sha aiki.

Saboda haka ni dai ban ga dalilin hana shi ba. Sai dai kar ka sake shi da yara. Ka je wurin Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci da ya san inda rami yake da inda ruwa ke ja, a samu manya biyu a ciki tare da shi. Ka saya masa rigar ruwa daidai jikinsa, mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba za ta zame ta kansa. Jarka da tayar mota ba abin dogaro ba ne. Duk wanda ya tuna hatsarin kwale-kwalen Ɓagwai na 2021 ya san darajar rigar nan.

Sai tsargiya. Ni ta kama ni, na yi wata da watanni ina fitsarin jini ina ɓoyewa saboda kunya, sai da aka ba ni maganinta, praziquantel. Daga dodon koɗi take fitowa, ta shiga ta fata, kuma ruwan dam ma bai tsira ba, balle kududdufi. Ka ja shi a jiki yadda zai gaya maka da zarar ya ga jini. In yana da farfaɗiya, likita za ka fara gani kafin bakin ruwa.

Shanyayyar ƙafa ba ta son sanyi, kar ku fara da hunturu. Ku bari sai bazara, Maris ko Afrilu, ruwa ya ja baya ya yi ɗumi. Kuma wurin shiga da fita ka tambaye shi yadda yake so a ɗauke shi, don keken guragu ba ya shiga laka, yaro mai shekara 13 kuwa ya san ciwon a sungume shi a gaban jama'a. Ku je da sassafe kafin masu wanki su cika bakin ruwan.

In kuna ta wajen Rano ko Bebeji ka yi mini magana, ranar farko zan shiga tare da shi. Gorar kawu tana nan rataye a zaurenmu.