Malam, akwai noma a Aljanna?

Tambaya: Malam, shekarata 67, tun ina yaro nake noman rani a Dadin Kowa. Jikokina suna yi mini dariya don na ce ko an ba ni benen zinare a Aljanna, zan roƙi 'yar gona a bakin ruwa. Na yi laifi? Wani manomi, Gombe.

Amsa: Baba, ba ka yi laifi ba. Wallahi wasiƙarka ta taɓa ni, don mahaifina ma da fartanya ya tsufa. Aya ta 31 a Suratu Fussilat ta yi wa 'yan Aljanna alkawarin duk abin da ransu ke so. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abu Huraira labarin wani ɗan Aljanna da zai nemi izinin Ubangijinsa ya yi noma, alhali ba ya rasa komai, son noman kawai. Yana zuba iri, kafin ƙiftawar ido ya tsiro, ya nuna, an girbe, tsibi kamar duwatsu. Ba jiran damina, ba kuɗin taki, ba ciwon baya.

Ka karanta wa jikokin nan wannan hadisi, Baba. Allah ya sa mu shiga tare.