Batir na mutuwa bayan ƙara fitila da caja a babur

Malam, ka ce ka ɗaura fitilun LED da cajar wayar hannu kai tsaye a batirin Boxer ɗinka, yanzu kullum da safe sai kik. Ba mamaki: ko ka zare makulli, cajar tana shan wuta.

Sayi ƙaramin akwatin fiyus da rilay mai ƙafa huɗu, wato makunnin da zai riƙa ba kayan wuta sai in an murɗa makulli kawai; kowace ƙafarsa tana da lambarta. Fara cire wayar batir mai alamar (-). Daga (+) ja waya mai kauri, sa mata babban fiyus dab da batir, kai ta ƙafa 30 ta rilay ɗin. Ƙafa 87 ta shiga akwatin, 85 ta kama jikin ƙarfen babur. Ita kuwa 86, haɗa ta da layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli. Nan ake yawan kuskure, don haka gwada da mitar auna wuta tukuna.

Kowane kaya da fiyus ɗinsa a cikin akwatin. Don sanin girman fiyus, raba wat da 12, wato volt ɗin batirin: fitila mai wat 24 tana jan amp 2, fiyus mai amp 3 ya ishe ta. In ya ƙone, don Allah kada ka cusa zaren waya a gurbinsa, haka babura ke kamawa da wuta.

Kwayil ɗin da ke cajin batir a ƙaramin babur ba shi da yawan ƙarfi. In batir bai daina sauka ba, kai wa mai wayarin ya auna cajinsa.