Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu Mai Haɗa Fannonin Fasaha da Aikin Koyarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a fannin zane-zane, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Ban da zane, ina da hannu a rini da ɗinkin ado, ina kuma sha'awar tsara dandalin wasan kwaikwayo. Na ji ana yin digiri na biyu wanda yake haɗa fannonin fasaha wuri guda. Burina in zama malama a kwalejin ilimi ko jami'a. Shin wannan hanya za ta kai ni, ko in tsaya a fanni ɗaya?
Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya cika miki burinki. Hanyar za ta iya kai ki, amma da sharaɗin ki riƙe fanni ɗaya a matsayin tushe, sannan ki jingina sauran a jikinsa. Dalili kuwa shi ne manyan makarantunmu sashe-sashe suke ɗaukar malamai, kuma ranar tantancewa abin da kwamiti zai fara dubawa shi ne sunan da aka rubuta a takardar shaidarki da kwas ɗin da za a iya damƙa miki gobe da safe. Idan sashe yana neman malamin zanen fenti ko na zanen yadi, wadda takardarta ba ta nuna ƙwarewa a ɗayansu ba za ta sha bayani kafin a saurare ta, ko da ta fi sauran masu nema basira.

Irin digirin da kika ji labari ya fi yawa a jami'o'in Amurka da Kanada. A nan gida, an fi yin haɗin a cikin aikin bincike, kuma ba sai kin yi nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zane-zane, da sashen ƙirar kayan masana'antu inda ake koyar da zanen yadi da ginin tangaran, da kuma sashen wasan kwaikwayo, wanda tun shekarun 1970 ya yi suna wajen kai wasa ƙauyuka don wayar da kan jama'a. A Zariyar ne ma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar gargajiyarmu. Saboda haka za ki iya yin rajista a zane, ki gina bincikenki a kan, misali, yadda adon babbar riga irin aska takwas, ko zanen bangon gidajen birnin Zazzau, zai shiga tsarin dandali da suturar 'yan wasa. Wannan aiki ne da ya taɓa fannoni uku, alhali takardarki tana ɗauke da suna ɗaya da kowa ya sani. Sai dai ki nemi malamin da zai duba aikin tun kafin ki sayi fom, domin bincike irin wannan yakan tsaya cak idan mai dubawa ba ya ra'ayinsa.

Ki kuma bambance nau'i biyu na digiri na biyu, wato MFA da MA. MFA na mai aikin hannu ne, ana kammala shi da baje kolin ayyuka tare da rubutaccen rahoto, shi kuwa MA ya fi karkata ga tarihin fasaha ko hanyoyin koyar da ita. A ganina, mai hannu irin naki MFA ya fi dacewa da ita.

Inda haɗin zai fi yi miki rana shi ne kwalejin ilimi. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta dunƙule zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da ƙirƙira, kuma abin takaici ne yadda ake damƙa shi ga malamin da ya san kashi ɗaya kawai, yara su tashi ba su taɓa riƙe yumɓu ko hawa dandali ba. Kwalejoji irin ta Gidan Waya su ne ke horar da waɗannan malamai, don haka suna bukatar irinki. Amma a can ana neman shaidar koyarwa, wato difilomar PGDE, wadda za ki iya yi a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke nan Kaduna ba tare da kin bar aikinki ba, sannan ki yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN.

Idan jami'a kika nufa, digiri na biyu zai ba ki matsayin mataimakiyar lakcara, amma da wuya a kai babban lakcara ba tare da digirin digirgir ba, ko da yake a Amurka ana ɗaukar MFA a matsayin ƙarshen karatun mai aikin hannu. Don haka ki zaɓi batun da zai iya faɗaɗa zuwa mataki na gaba. Tallafin ƙaro karatu na asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, kuwa na malaman da suka riga suka shiga aiki ne a manyan makarantun gwamnati, shi ya sa ya kamata ki tanadi kuɗin wannan digiri da na kayan aiki da kanki, ki kuma fara ɗaukar hotunan ayyukanki kina adana su da kwanan wata tun yanzu, domin za a nemi ganinsu wajen neman gurbi da wajen neman aiki.