Mantuwar Baba ba tsufa kawai ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ruɗewar tsufa ce kawai ke damun Baba, tunda yana ta maimaita tambaya ɗaya, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, har ya ɓata a hanyar masallacin unguwarku. A'a, ku kai shi asibiti. Tsoho kan manta inda ya ajiye carbi, anjima ya tuna. Amma ɓata a hanyar da ya saba bi alama ce ta cutar mantuwa, wadda ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nau'in Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita. Wani nau'in kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi.

Sai dai ku lura da yadda abin ya fara. In cikin kwana biyu ko uku ya rikice, wannan na gaggawa ne, kada ku kwana. Lokacin da muke jinyar kakata ta taɓa ruɗewa haka, ashe ciwon mafitsara ne, ana ba ta magani ta dawo hayyacinta. Ku roƙi likita ya duba sukari, maƙoƙo da bitamin B12, don ruɗewar da matsalolinsu ke jawowa sau da yawa ana warkewa. Kuma don Allah kada a riƙa yi masa gardama ko tsawa in ya manta, tsoro kawai yake ƙara masa. Ku sa masa takarda mai lambar wayarka a aljihun riga. Allah Ya ba shi lafiya.