Ta Yaya Zan Gane Tsimin Bagaruwa Ya Huda Tantanin Bakteriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin ƙananan halittu. Na gwada tsimin bagaruwa a kan bakteriyar E. coli, ya kuma hana ta yaɗuwa a faranti. Ta yaya zan tabbatar cewa tantanin ƙwayar ya lalata? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Da'irar da kika gani a faranti, inda bakteriya ba ta tsiro ba kewaye da tsimin, shaida ce cewa bakteriyar ta kasa yaɗuwa, amma ba ta faɗi dalili ba. Sai kin auna abin da ya zubo daga cikin ƙwayar, ko abin da ya samu shiga cikinta.

Hanya mafi araha ita ce ki wanke ƙwayoyin, ki haɗa su da tsimin cikin ruwan gishirin gwaji, ki riƙa ɗiba lokaci-lokaci kina tacewa da matata mai ƙofofin maikiromita 0.22, sannan ki auna ruwan da na'urar auna haske a kan nanomita 260, inda DNA da RNA, sinadaran gado da ke cikin ƙwayar, suke shan haske sosai. Idan adadin yana hawa, alama ce ta cewa tantanin ya yage. Sinadarin fotashiyam na cikin ƙwayar kan riga su fita saboda ƙanƙantarsa.

A nan ne kuma ake yawan tafka kuskure. Bagaruwa cike take da sinadarin tanin, abin da ya sa majema suke jima da ita, kuma tanin da kansa yana shan haske a wannan yanki. Saboda haka wajibi ne ki ajiye kwalba mai tsimi ba bakteriya, da wata mai bakteriya ba tsimi, in ba haka ba bagaruwarki kawai za ki auna. Ba na ba ki shawarar dogara da awon furotin, domin tanin yana kama shi ya kwantar.

Idan kin samu madubin gwaji mai nuna ƙyallin rini, ki yi amfani da rinin propidium iodide, wanda ba ya ratsa lafiyayyen tantani, tare da rinin SYTO 9: lafiyayyun ƙwayoyi za su fito kore, masu rauni ja.

Ki tuna tantani biyu ne da E. coli, na waje da na ciki. Rinin da ake kira NPN tantanin waje yake gwadawa. Ki sa maganin polymyxin B a wata kwalba, tunda an san yana lalata su duka biyun, domin ki kwatanta da tsiminki.