Amsoshin Tambayoyinku: Hita, Kaskon Wuta da Sanyin Hunturu

Tunda hazo ya sauko saƙonni suka cika min waya, kusan duk kan ɗumama ɗaki ne, bari in ɗauki waɗanda zan iya.

Wani ɗan uwa daga Funtuwa ya ce ya ga ana tallan wata 'yar hita a Facebook, ƙarama kamar caja, ana soka ta a soket, wai tana ɗumama falo cikin minti biyar kuma ba ta shan wuta. Ya saya?

Kar ka saya. Hitar lantarki ko wace iri ce, zafin da take bayarwa daidai yake da wutar da ta sha, babu wani sirri a ciki. Irin waɗannan ƙananan yawanci wat 400 zuwa 500 ne, sai dai ta ɗumama maka ƙafa, amma falon Funtuwa a watan Janairu? Haba malam. Kuɗin ka ƙara ka sayi bargo mai kauri.

Wata Hajiya daga Jos tana tambayar wace hita ce ta dace da ɗakin yara, kuma shin ƙaramin janaretansu zai ɗauka.

Hajiya, ga yara na fi son mai mai a ciki, wadda take kamar lagireto, tana jinkirin ɗaukar zafi amma ba ta da sandar nan mai jan wuta da yaro zai kai hannu. In mai fanka za ki saya ki tabbata tana mutuwa da kanta in ta faɗi, ki gwada a shagon, ki karkata ta ki gani. Janareta kuwa a'a. Hita tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, ƙaramin janaretan nan bai kai wat 1,000 ba ma. Sannan ki yi lissafi kafin ki ɗauko, mai wat 2,000 yunit 2 take ci duk awa, awa 5 yunit 10 kenan, in kina Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, inda yunit ya haura naira 200 kin ga dubu biyu da ɗoriya ta tafi a dare ɗaya. Kuma don Allah kar a soka ta a ekstenshan ɗin nan na bakin titi. Na yi shekaru ina wayarin, na sha feɗe irin wayar in tarar alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla, ki kankare da wuƙa za ki ga fari ya fito. Soket na bango kai tsaye, mai waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 2.5, kuma a nisanta ta da labule da katifa kamar taku biyu. Banda shanya kayan makaranta a kanta.

Sai saƙon da ya hana ni barci. Wata yarinya ce daga wajen Zariya, haihuwar fari, jaririnta kwana 12. Ta ce surukarta tana shigo mata da kaskon garwashi da daddare a rufe ƙofa da taga, ita kuma kullum da ciwon kai da jiri take tashi, amma an ce mata jego ne kawai, kuma ai garwashin ya ruru ba hayaƙi. Tana tsoro, tana kuma jin nauyin yin musu.

'Yata, kin yi daidai da kika tambaya, tsoron nan naki yana kan hanya. Ba jego ba ne. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monosaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma maganar "ya ruru ba hayaƙi" ita ce ta fi kashe mutane, don jan garwashi ma yana fitar da ita, hayaƙin da ke sa mutum tari ya buɗe ƙofa ne kawai ya tafi. Iskar nan tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kamawa sau 200 da wani abu, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, daga nan barci mai nauyi, kuma jariri ya fi ki saurin galabaita shi da ba zai iya cewa kaina na ciwo ba. Duk shekara sai mun ji an fasa ƙofa an tarar da mutanen ɗaki guda sun rasu, sai a kama cewa guba aka sa a tuwo, ko aljanu, ko sammu, kaskon kuwa yana nan gefe ya zama toka ba wanda ya kalle shi. Abin yana ƙona min rai wallahi, mu da za mu kwana muna taya mai gida cinikin gawayi buhu nawa, amma ba wanda zai ce a bar taga a buɗe. Haka risho, haka murhun gas da wasu ke kunnawa don ɗumi, haka janareta a soro ko a baranda kusa da taga, duk kanwar ja ce.

Ga abin yi daga yau. A hura a tsakar gida, in ma za a shigo da shi to na ɗan lokaci, taga a buɗe, mutane idonsu biyu, kafin a kwanta a fitar da shi waje gaba ɗaya. Ki sa wa yaro hula da safa, ki riƙa ɗora shi a ƙirjinki, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma bayan an fitar da wutar. Inna kuma ba mugunta take yi ba, haka aka yi mata ita ma, kar ki ja da ita, ki sa maigidanki ya faɗa mata cikin ladabi ko ku je awo tare ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani. In kuma kin sake tashi da jiri, ko yaro ya ƙi kama nono ya yi laushi, ku fita iska nan take ku wuce asibiti, ku ce musu da gawayi kuka kwana.

Wani matashi daga Kano ya ce majalisarsu suna ƙona tsohuwar taya da dare, wai ta fi itace daɗewa, ko akwai matsala?

Kai ma ka san amsar, tunda kana tashi da baƙin majina. Ku yi karo-karo ku sayi gawayi ku zuba a rabin durom, a fili babu laifi, ku ajiye bokitin ruwa kusa, kuma wanda zai tashi ƙarshe ya kashe ta tas, iskar hunturu ba ta raina tartsatsi musamman kusa da rumfunan kasuwa.

Mai tambayar ko zai iya barin hitar ruwa a bokiti ta kwana don tururin ya ɗumama masa ɗaki, a'a. Cire ta. Yanzu.